Ranar Da Na Kai Duwatsu Shetimari

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a Diffa ba, ko da yake na sha gwada mantawar. Ranar ce na tsaya gaban dattawan ƙauyukan bakin kogin Komadugu, da diraktana, da wata Baturiya, na karanta musu labarin ƙasarsu da murya mai daɗi, alhali babu layi ɗaya a cikin takardar da na gani da idona.

Lokacin watana bakwai ke nan da aka turo ni aiki daga Tawa, a wani ƙaramin buro, wato ofishin gwamnati, mai hulɗa da ƙungiyoyin matasa. A wata bakwai ɗin nan Diffa da na sani ba ta wuce wuri huɗu ba: ɗakin da nake haya a gidan wani Alhaji ɗan Damagaram, da buro, da masallaci, da teburin mai shayi. Ranar da zan taso daga gida iyayena sun ja mini kunne cewa kada in kuskura in fita bayan gari, saboda halin da yankin yake ciki. Na riƙe wannan nasiha da hannu biyu. (Ita kaɗai ce nasiharsu da na taɓa bi ba gardama, don ta zo daidai da lalacina.)

Wata safiya Dirakta ya kira ni. Mutum ne mai ƙarancin magana, ɗan Dosso, wanda in ya cire tabarau ya aje kan tebur kowa ya san maganar mai nauyi ce. Ya ce tun shekarun da aka hana hawa moto, wato babur, a yankin, mutane da yawa sun koma wa keke. Akwai kuma 'yan hanyoyi da suka ratsa tsakanin garakan tattasai a bakin kogi, waɗanda mota ba ta iya bi. Wata ƙungiyar agaji tana son ta taimaka wa matasa su riƙa yawon keke a kan waɗannan hanyoyi ran Asabar, daga Diffa zuwa wajen Shetimari, su huta a ƙauyuka, su ci abinci, su dawo. In Allah ya kawo zaman lafiya, har baƙi ma su zo. Abin da ake bukata shi ne mutum ɗaya ya bi hanyar da kansa, ya rubuto inda yashi yake, inda inuwa take, inda ake samun ruwan sha, da inda soji suka yarda a bi.

"Ka iya keke?" in ji shi.

"Mushe Dirakta, ai a kan keke na girma," in ji ni. (Mushe shi ne Malam a Faransancinmu na buro.)

Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya. Na hau keke ina yaro. Rabona da shi dai tun ina kolej, kuma tsakanin kolej da wannan safiya na aje tumbi.

Ya ba ni mako uku kafin taron da zan karanta rahoton gaban masu ƙauyuka da wakilan ƙungiyar. Ya kuma tuna mini, kamar ba da gangan ba, cewa takardata ta neman tafiya ƙaro ilimi a Yamai tana kan teburinsa tana jiran sa hannu. Wannan tafiya ita ce abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Makon farko na ce rana ta yi zafi. Mako na biyu na ji wata jita-jita a teburin mai shayi, ban ma tsaya jin ƙarshenta ba na ɗauke ta hujja. Akwai wani dattijo a buronmu, Mala Kyari, shi ne mai kai takardu, shi ne kuma tafinta in an yi baƙi masu jin Kanuri kaɗai. A bakin kogin aka haife shi, kullum kuma kan wani tsohon baƙin keke yake zuwa aiki. Sau biyu yana tsayawa a ƙofar ofishina.

"Mushe, yaushe za mu bi hanyar nan? In da sassafe muka fita, kafin azahar mun kai."

"Ina nazarin taswira tukuna, Mala."

Ya dubi teburina, inda babu taswira, ya ce to, ya wuce.

Ran Litinin ta mako na uku, saura kwana biyu taro, na zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, na shiga neman abin da zai fid da ni. Rezon intanet ya yi mini kirki ranar. Na ci karo da wata takarda da Faransanci, shafi goma sha biyu, wadda wasu mutane a wata ƙasar Turai suka rubuta kan hanyoyin keke na yankinsu, inda aka hana mota shiga. Rubutun ya tsaru. Suna da kogi, mu ma muna da kogi. Suna da ƙauyuka da manoma, mu ma haka. Na ce a raina ai duniya ɗaya ce.

Akwai wata dabara a ordinatar da za ka ce mata duk inda ta ga wannan suna ta sa wancan. Sunan koginsu ya koma Komadugu, babban garinsu ya koma Diffa, ƙaramin ya koma Shetimari, duka cikin ƙiftawar ido. Sannan na zauna na gyara shafi na ɗaya da na biyu da hannuna, kuma gyara na tsakani da Allah. Inda suka ce matafiyi ya tsaya ya ɗanɗana giyar yankin, na sa fura da nono. Inda suka ce gonakin inabi, na sa garakan tattasai. Tsohuwar majami'a ta zama masallacin Juma'a. Ina gab da shiga shafi na uku kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Na jira kaɗan, yunwa ta taso, na tafi cin shinkafa da wake. Da na dawo kuran ya dawo, amma zuciyata ta riga ta gaya mini cewa sauran shafukan ma duk irin wannan ne.

Ran Talata aka buga aka yi fotokofi. Sakatariyarmu ta auna nauyin takardar a hannu ta ce, "Lalle Mushe ka sha wuya." Na ce aikin ƙasa ne. Dirakta yana fama da baƙi, ya duba shafin farko a tsaye, ya ce da kyau.

Ran Laraba da hantsi zauren taro ya cika. Bulamomi, wato masu ƙauyuka, sun zauna a gaba cikin manyan riguna, shugabannin matasa a baya. Gefen Dirakta wakiliyar ƙungiyar agajin ce, wata Baturiya mai furfura da ta yafa gyale, ta buɗe littafi tana shirin rubutu. Ni kuwa na sa kwat na ɗaura karabat a wuya a cikin wannan zafi. An shirya cewa ni in karanta da Faransanci, Mala Kyari ya tsaya kusa da ni yana mayarwa Kanuri.

Ya kamata in faɗi wani abu game da kaina a nan. Tun ina lakwal, wato makaranta, ni ake tayarwa in yi karatu in sufeton makarantu ya zo. Ina da murya, na san inda ake tsayawa da inda ake ja. Illar wannan baiwa ita ce bakina yana iya karanta shafi guda cur kaina yana wani wuri daban. Ranar kaina yana Yamai, yana zaɓen unguwar da zan kama ɗaki.

Shafi na ɗaya da na biyu suka wuce lafiya. Da aka zo kan tattasai dattawa suka gyaɗa kai. Da aka zo kan fura wani ya yi murmushi. Baturiya tana ta rubutu. Na juya shafi na uku, na ƙara ɗaga murya.

"Da zarar matafiyi ya bar Shetimari, hanya za ta fara hawa dutse a hankali, tana lanƙwasa cikin daji mai duhu, inda rana ba ta taɓa ƙasa."

Na tsaya don a fassara. Maimakon haka sai Mala Kyari ya matso ya rage murya.

"Mushe, dutse ka ce?"

To ni ɗan Adar ne, yankin Tawa. A wajenmu in ka ce dutse ba mai juyowa ya dube ka, kowane ƙauye da nasa a bayansa. Saboda haka kalmar ba ta yi mini wani baƙon ɗanɗano a baki ba. Sai da ya tambaya na tuna cewa tun daga Gure har Diffa, ranar da na zo, ban ga abin da ya fi tulin yashi tsawo ba. A nan ne mai hankali zai rufe takarda ya ce a yi masa afuwa. Ni sai na ce, "Tudu nake nufi. Ka ce tudu."

Ya faɗi wani abu da Kanuri. Ba na jin yaren, don haka fuskoki kawai nake karantawa. Dattawa suka dubi juna. Na ɗauka na tsira. Na ci gaba, da niyyar in riƙa leƙa layin gaba kafin in furta shi. Sai dai bakin nan nawa ya fi idona sauri.

"A nan hanyar keke ta hau kan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, ta ratsa ta cikin ramin da aka haƙa a ƙarƙashin dutsen. Ana shawartar matafiyi ya kunna fitila, ya kuma sa rigar sanyi."

Mala Kyari bai tambaye ni komai ba wannan karon. Ya gyara tsayuwa ya fassara shi duka, a tsanake, har da nuna ramin da hannu. (Daga baya na tambaye shi me ya sa bai rufa mini asiri ba. Ya ce shi tafinta ne, abin da aka zuba masa shi yake juyewa.) Daga bayan zaure, wajen matasa, na ji wani ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Baturiya ta daina rubutu. Dirakta ya kai hannu ya taɓa tabaransa, bai cire ba tukuna.

Har yau ban san abin da ya hana ni tsayawa ba. Ina jin tsoron shirun da zai biyo baya ne. Muddin ina karatu, ba wanda zai yi tambaya. Na tsallake sakin layi biyu da na hango kalmar da ban yarda da ita ba, na dira kan na uku, wanda ya fi su muni.

"Daga ƙwanƙolin dutsen ana hango Diffa a ƙasa, da ruwan Komadugu yana zubowa daga saman duwatsu. A lura, ana rufe wannan yanki na hanyar a lokacin sanyi saboda ƙanƙara."

Dirakta ya cire tabarau ya aje.

Da Mala Kyari ya gama, wani dattijo a layin gaba ya ɗaga hannu. Bulama Modu ne, mai wani ƙauye kusa da Shetimari, siriri, mai farin gemu. Bai bi ta kan tafinta ba, ya yi mini magana kai tsaye da Hausarsa mai karin Kanuri, a hankali, ba fushi ba dariya.

"Yaro, sannu da aiki. Ni a can aka haife ni, a can aka haifi ubana. Jirgin ƙasa dai ban taɓa gani ba, amma wannan ba mamaki, ni ba mai yawo ba ne. Dutsen nan ne nake son ka taimake ni. Ta gabas da garin yake ko ta yamma? Don awakina suna yawan ɓacewa, wataƙila can suke hawa."

Ba a fashe da dariya gaba ɗaya ba. Da an yi haka da ya fi mini sauƙi. Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. Matasa suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, sai daga waje nake jiyo su. Gumi ya bi ta ƙarƙashin kwat ɗina har cikin takalmi. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa wai wannan hasashe ne na yadda wurin zai iya zama nan gaba.

"To," in ji Bulama. "Allah ya nuna mana."

Sai Baturiya ta nemi izini. Ta buɗe nata kofin takardar a shafi na bakwai, inda ni ban taɓa kaiwa ba, ta ce da Faransanci, cikin ladabi ƙwarai, akwai sunan wani ƙauye a nan da ta ga ba a canza ba. Ta karanta sunan. Ta ce ta san wurin, tana yarinya iyayenta sukan kai su hutu can, kuma gaskiya ne ramin jirgin yana da sanyi. Mala Kyari ya dube ni ya ce, "Wannan ma in fassara?" Dirakta ne ya amsa masa. Ya ce a fassara.

Aka tashi taro ba tare da an kai shafi na huɗu ba. Na tsaya ina tattara kofe-kofen da aka bari kan kujeru, don in sami abin yi da hannuna. Guda uku ban same su ba. Na ji daga baya cewa sun zaga gari.

Na yi zaton Dirakta zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya kira ni ofis da la'asar, ya ɗauko takardata ta Yamai, ya nuna mini ita, ya buɗe aljihun tebur na ƙasa ya sa ta ya rufe.

"Ran Asabar ƙarfe shida," in ji shi. "Kai da Mala Kyari. Na yi magana da soji, ku dawo kafin la'asar. Abin da ka gani shi za ka rubuta. In akuya ka gani, ka rubuta akuya."

Alhaji mai gidana ya ara mini keken da ake kai masa kaya shago. Labari ya riga ya kai masa, don yana miƙo mini keken ya ce in duba birki da kyau saboda gangara.

Muka fita ta yamma da gari, muka sauka daga kwalta muka shiga 'yar hanyar da ta nufi kogi. Abu na farko da na koya shi ne keke ba ya tafiya cikin yashi. Mala Kyari, mai shekara hamsin da ɗoriya, ya san inda ƙasa take da tauri, yana bin gefen nan yana tsallakawa wancan kamar an shimfiɗa masa tabarma. Ni kuwa duk inda na sa taya sai ta nutse. Rabin tafiyar ni na tura keken. Kafin hantsi tsidau ya huda mini tayar baya, muka zauna gindin wata goruba ya yi mini faci.

Wurin kuma yana da kyau, wannan ne ya ƙara ba ni haushi. Kogin yana tafiya a hankali tsakanin itatuwan tsamiya da goruba, injunan ban ruwa suna ta bugawa, an shanya tattasai a fili ja wur har iyakar gani. Mata suna tsinka, maza suna gyara kwalbatin ruwa da fartanya. Duk wanda muka wuce sai ya ɗago ya gaida Mala Kyari da suna, sannan ya dube ni, ya tambaye shi wani abu da Kanuri, shi kuma ya amsa da kalma ɗaya. Ban nemi fassara ba.

Wuri ɗaya ne a duk hanyar da ƙasa ta ɗan tashi, wata gaɓa da ba ta kai tsayina ba, inda ake gangarawa a haye wata 'yar hanyar ruwa. Mala Kyari ya sauka ya tura nasa. Ni na ga dama ta samu in nuna cewa a kan keke na girma. Tayar gaba ta kafe a laka, keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na tashi da taɓo tun daga gemu har gwiwa, takalmi ɗaya ya zauna a ciki sai da aka sa sanda.

A haka muka shiga ƙauyen Bulama Modu wajen azahar. Yana zaune kan tabarma a inuwar itacen bedi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya sa aka kawo mini ruwa a buta da wani tsohon zane in ɗaura kafin wandona ya bushe. Aka kawo tuwo da miyar kifi. Sai da na ci na ƙoshi, ina zaune cikin zanen aro, na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri. Ban taɓa zuwa nan ba sai yau. Takardar nan ta wasu ce na ɗauko."

"Mun sani tun shafi na farko," in ji shi. "Ka ce ana sayar da fura a mahayin kogi. Ba a taɓa sayar da fura a wurin ba."

Sannan ya shiga gaya mini abin da ya kamata in rubuta: wace rijiya ce ruwanta ke da daɗi, wane wata ne kogi ke cika ya shanye hanya, wace garka ce mai ita ba ya son a ratsa masa. Na rubuta a bayan wata takardar siminti. Komawa kuwa a bayan amalanken tattasai na yi ta, ni da keken Alhaji, Mala Kyari yana biye da mu a kan nasa.

Sai da na koma sau uku kafin in gama. Rahoton da na miƙa shafi huɗu ne, babu kalma mai daɗi ko ɗaya a ciki, yashi ne da ƙaya da sunayen rijiyoyi. Ƙungiyar ta karɓa, amma ta rage abin zuwa rabin hanya, kuma aka ba wani abokin aikina jagoranci. Tafiyar Yamai ta wuce ni a shekarar. A gari kuwa sunana ya ɓace. Har mai shayi, in ya hango ni, sai ya ce a matsa wa Mai Duwatsu ya zauna. Na yi fushi wata guda, na ga ba ya rage komai, na fara amsawa.

Mutane suna tsammanin darasin da na koya shi ne kada in ƙara ɗaukar aikin wani. Na koyi wannan, ba laifi. Amma wanda ya fi zama mini a jiki ƙarami ne: duk takardar da zan tsaya in karanta gaban jama'a, sai na karanta ta ni kaɗai tukuna har layin ƙarshe, a zaune, bakina a rufe. Kwanan baya a wajen sunan ɗan ƙanena aka miƙo mini 'yar takarda in sanar da sunan jariri. Kalma biyu ce a ciki. Na sa liman da jama'a suka jira har na karanta ta sau uku, na juya bayanta na duba.